Muna haya a Agege, muna son dasa itatuwan marmari a gefen masallacinmu. Ta ina za mu fara?

Tela na Zango:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne a Agege, shekarata goma sha ɗaya a Legas, asalina daga wajen Kazaure. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawonta.

Gidan da nake haya irin wanda ake ce wa fes-mi-ai-fes-yu ne, wato ɗakuna jere suna kallon juna, ɗaki goma sha biyu, shagona yana bakin ƙofa. Tsakar gida da bayan gida duk an malale su da siminti, ko tsinke ba ya tsirowa. Layin gaba ɗaya haka yake. Daga Fabrairu zuwa Afrilu idan aka ɗauke wuta da dare mukan fito da tabarmi waje, to amma simintin da ya wuni yana shan rana sai ya riƙa dawo mana da zafin kamar kana kwance a kan tanda. Damina kuma ta zo da nata. Ruwa ba shi da inda zai nitse, sai ya bi kwata, kwatar ta toshe da ledar fiya wata da robobi, ya juyo cikin shago. Bara a watan Yuni kan bulo huɗu na ɗora keken ɗinkina na yi sati biyu a haka.

Abin da ya tayar mini da maganar nan yarona ne, ɗan shekara bakwai. Muna cikin danfo, motar haya, kwandasta yana kiran sunan wata tasha, "Mangoro, Mangoro", sai yaron ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, ina mangwaron?" Wallahi na rasa amsa. Ni a shekarunsa na san kowace bishiyar kanya da ɗinya da ke bayan garinmu, na san wadda ta fi zaƙi, na san wadda mai ita yake da sanda. Shi kuwa bai taɓa miƙa hannu ya tsinki wani abu a jikin itace ya kai baki ba. A wajensa gwanda daga baro take fitowa, an fere an ɗaure a leda.

To akwai wani ɗan fili a gefen masallacin layinmu. Na auna shi da tef ɗina: tsawo yadi goma sha biyu, faɗi yadi biyar. Shi kaɗai ne ƙasar da ba a rufe ba a layin. Yanzu ba abin da ke wurin sai fasassun bulo da shara, ga ruwan alwala yana ratsawa ta ciki ya faɗa kwata, duk ya yi gansakuka. Wani dattijo ya taɓa zamewa a wurin, Allah ya kiyaye bai karye ba. Filin da masallacin duka na wani gidan Yarbawa ne, kakansu ne ya ba Hausawa izinin yin salla a wurin tun da daɗewa, babu takarda.

Mu biyar ne muka fara shawarar: ni, da mai shayin bakin layi, da wasu 'yan goro biyu, da wata Iya Bayarabiya mai sayar da kayan miya wadda ta ji muna zancen ta ce a sa da ita. Mun haɗa naira dubu talatin. Daga nan kuma muka tsaya, domin kowa da abin da yake so. Ni mangwaro nake so, ba sai na faɗi dalili ba. Ɗaya daga cikin 'yan goron ya dage sai dabino, wai gefen masallaci ne, ya fi dacewa. Mai shayi ya ce kwakwa, tunda ita ce ke yi a Legas. Iya ta yi mana dariya ta ce mu dai gama.

Waɗanda suka san abin, me ke yi a ƙasar Agege a fili kamar wannan? Ruwan alwalar nan zai yi ban-ruwa ko zai kashe shuka? Kuma abin da ya fi damuna: dukkanmu 'yan haya ne. Anya ba wahalar banza za mu yi wa wani ba? Ban ma kawo maganar awaki ba tukuna.

Mai Lambu Ojo:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Ni noman lambu nake yi a wajen Ojo sama da shekara ashirin, latas da albasa mai lawashi da alayyahu. Bari na fara da abin da ba za ku so ji ba.

Ka gaya wa ɗan goro ya bar maganar dabino. Zai tsiro, zai yi ganye, har ya ba ku sha'awa, amma ba za ku ci ba. Dabino na son busasshen zafi lokacin da 'ya'yansa ke nuna, shi ya sa tashar binciken dabino ta NIFOR, cibiyar gwamnati ta binciken kwakwar manja da danginta, take Dutse ba Badagiri ta nan Legas ba. A nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce.

Mangwaronka ma ina da ja. Na farko, idan ƙwallo ka binne sai ka jira shekara biyar zuwa takwas, mai aure kuwa uku zuwa huɗu. Na biyu, mangwaro ɗaya idan ya girma zai cinye filin nan duka ya hau kan kwanon masallaci, ba abin da zai sake yi a ƙarƙashinsa. Na uku, laimar Legas tana sa furensa baƙin ciwo ya zube, wanda ya tsira kuma ƙuda ya sa masa tsutsa. Yana yi, ban ce ba ya yi ba, amma ka lura yawancin mangwaron da ake sauke wa a kasuwannin Mile 12 da Ketu daga Ogbomosho da Binuwai da Arewa yake zuwa.

Abin da ƙasar nan take so ba tare da an roƙe ta ba: ayaba, agada, gwanda, gwaiba, lemun tsami, zogale, shuwaka, ugu. Agada idan ka sami ɗa mai lafiya, shekara guda ko da 'yan watanni ka sare nono, kuma uwar ta bar maka 'ya'ya a gindi. Gwanda kafin shekara ta zagayo ta fara. Sai dai gwanda ba ta son ƙafarta a ruwa, kwana biyu ruwa ya kwanta mata saiwar ta ruɓe, don haka a kan tudu za ku sa ta. Ku zuba iri uku a kowane rami. Idan sun yi fure za ku gane namiji, furensa ƙanana ne a kan dogon sili suna reto, ta macen kuwa babba ne manne da jiki. Ku cire mazan ku bar ɗaya. Zogale da shuwaka reshe kawai za ku yanko ku soka.

Lemun tsami da duk wani mai aure, kada ku saya a bakin titi wurin wanda ba ku sani ba. An taɓa sayar mini da lemo goma wai masu aure, shekara shida ina ba su taki, ƙaya kawai na samu. Ka duba gindin da idonka, wurin auren yana da tabo kamar gwiwa. Idan akwai mai zuwa Ibadan, a can NIHORT take, cibiyar gwamnati ta binciken kayan lambu da na marmari, a sayo muku daga can.

Taki kuwa kuna zaune a kansa. Mayankar Oko-Oba tana bayanku, kashin shanu da abin cikin tumbi ba sa ƙarewa. Amma kada ku zuba shi ɗanye, zai ƙone shukar kuma maƙwabta su tsine muku saboda wari da ƙuda. Ku tara shi da busasshen ganye ko garin katako, ku rufe da buhu, ku riƙa juyawa, wata biyu zuwa uku sai ya koma baƙi ba wari. Dashe kuma ku bari ruwa ya zauna, ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu.

Abu na ƙarshe: ka tambayi tsofaffin layin ko an taɓa yin gareji ko cajin batir a filin. Idan an taɓa, kada ku shuka ganyen miya kai tsaye a ƙasar. Ka tuna gubar dalmar da ta kashe yara a Zamfara a 2010, ita ce a cikin batirin mota. 'Ya'yan itace ba su cika ɗaukarta ba, ganye da abin da ke cikin ƙasa su ne abin tsoro. Sai ku yi ganyen a buhu da ƙasar da kuka kawo daga wani wuri.

Ɗan Mile 12:

Malam Tela ka yi haƙuri, ni ban ga abin wahala a nan ba. Baƙo raɓa ne. Mun zo neman kuɗi ne, ba zama ba. Dubu talatin ɗin nan ka aika Kazaure a dasa maka mangwaro goma a gonar gado, yaronka ya je hutu ya hau abinsa. Gobe masu filin su sayar wa mai gina shaguna, ka zo nan kana ba mu labari. Ayabar da za ku shekara kuna jira, zo Ketu da safe na nuna maka inda ake zubar da wadda ta fi ta.

Maman 'Yan Biyu:

Yaya Tela sannu da ƙoƙari. Abin da Ɗan Mile 12 ya faɗa ya faru da ni, don haka ba zan ce ƙarya yake ba. Amma ban daina shuka ba.

Da muna zaune a Ketu na dasa gwaiba a bayan ɗakinmu, kiyateka, mai kula da gidan, ya ce ba komai. Shekara uku ina zuba mata ruwan wankin shinkafa. Shekarar da ta fara 'ya'ya sosai, har na ɗaura wa wasu leda saboda tsuntsaye, sai ɗan mai gidan ya dawo ya ce zai fitar da shago ta wurin. Na je kasuwa na dawo na tarar da ita a kwance. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, maigidana yana ta ce mini ai itace ne. Da na je wa kiyateka da maganar sai ya ce shi bai tuna mun yi haka da shi ba.

Tun daga nan na koyi shukar ɗan haya. Yanzu muna Ikorodu, kuma duk abin da nake da shi yana iya hawa mota. Lemun tsamina a rabin duro yake, na huda ƙasansa, na sa tsakuwa, shekararsa huɗu, tare muka yi ƙaura. Attaruhu da tumatir da kuɓewa da lalo a buhunan shinkafa, buhu goma sha shida jere a jikin katanga. Ugu na ja masa igiya ya hau saman tagar ɗakin da rana ke duka da yamma, kuma wallahi ɗakin ya rage zafi, ko yara sun lura. A 2024 da tumatir da tattasai suka yi tsadar nan da mutane suka koma miyar karas, ban ce buhuna sun riƙe ni ba, amma attaruhu ban saya ba wata uku. Dokar haya ta Legas ta ba mai biyan shekara notis na wata shida, to ni da wannan nake auna komai: abin da zai ba ni amfani cikin wata shida ina sa shi a ƙasa, wanda ya fi haka sai a duro.

Sai kuma wata magana, kada ka ji haushi. Ku maza kun iya taro da haɗa kuɗi, ranar dashe kowa zai zo har da ɗaukar hoto. Wa zai kula da su ranar Talata da azahar a watan Janairu? Ka lissafa mini mutum biyar, mace ɗaya ce, ita ma da kanta ta shigo. Matan gidajen nan su ne ke da ɓawon doya da na ayaba da ruwan wanke-wanke da tokar gawayi, duk abin da kuke biyan masu shara su kwashe. Ku yi magana da su, ku ce ganyen zogale da ugu nasu ne, za ku ga yadda wurin zai samu masu gadi. Ruwan wanki mai bilic kawai za a hana zubawa.

Awaki kuwa kada ku yaudari kanku da ƙaya ko tsohon gidan sauro. Ku sayi ragar waya tun kafin ku sayi dashe ko ɗaya. Ni da na bi ta baya, akuyar maƙwabciya ta cinye mini zogale bakwai a yini guda, ta tsaya tana kallona tana tuƙa.

Iyar nan da ta yi muku dariya, ku riƙe ta da kyau. Ita ta san wa ake gani a gidan masu filin.

Injiniya Abule Egba:

Salam Malam. Aikina gini ne da harkar ruwa, zan tsaya a nan.

Abin da kuke shirin yi yana da suna a wajen Turawa, famakalca. Wasu mutanen Ostireliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka fito da kalmar a shekarun 1970. Gundarinta shi ne a tsara gida da unguwa yadda sharar wani abu za ta zama abincin wani, ruwa kuma kada ya fita sai ya yi aiki. Holmgren daga baya ya mayar da hankali kan unguwannin da aka riga aka gina, yadda za a gyara su ba tare da an rushe ba. Ni da na karanta sai na ga rabin abin kakata tana yi a bayan ɗakinta, inda ruwan wanka ke bi ta gindin gwanda da lalle. Suna ne kawai ba ta sa masa ba.

Ka yi lissafin ruwanku. Idan mutum arba'in ke alwala sau biyar, kowa lita ɗaya, lita 200 ke nan kullum, rani da damina, ba ruwanku da bohol ko mai ruwa. Babu sabulu a ciki, ya fi yawancin ruwan da ake ban-ruwa da shi a garin nan tsabta. Sharaɗi ɗaya: a raba shi da wurin fitsari da tsarki, kowanne da bututunsa.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, zurfi ya kusa mita ɗaya, kamar kwano. Ƙasar da aka fitar a tara ta a kewaye ta zama gaɓa. A cika ramin har ya yi tozo da busasshen ganye, ɓawon kwakwa, kwali, ɓawon rake, guntayen itace. A dasa 'ya'yan ayaba ko agada huɗu ko biyar a kan gaɓar, makani ta ciki inda ya fi laima, dankalin Hausa ya rufe bayan. Bututun alwala ya shiga ƙarƙashin tarin, ba samansa ba. Ayaba mashayiya ce, ita za ta zuƙe ruwan, tarin kuma yana ruɓewa yana ba ta abinci. Ruwa ba ya fitowa fili balle sauro ya samu wurin ƙwai, shi da yake buƙatar ruwa kwance kamar mako guda kafin ya tashi. Ga yawan ruwanku zan ce rami biyu, a riƙa juya bututun.

Kafin komai ku gwada ƙasar. Jar ƙasar Agege wani wuri tana da yumɓu. Ku haƙa ƙaramin rami zuwa gwiwa, ku cika da ruwa da yamma. Idan da safe ya shanye, bismillah. Idan yana nan, ku rage zurfi ku ƙara faɗi, ku bar wa rarar hanya zuwa kwata. Ramin ya nisanci bangon masallaci da na maƙwabci da aƙalla mita biyu, kuma ku binciki inda sokawe, ramin ruwan bayan gida, yake, domin saiwar manyan itatuwa can take nufa. Ku ɗaga kai kuma ku ga wayar wuta. Kwakwar mai shayi, doguwar tana shekara shida ko fiye kafin ta haihu, gajeriyar uku zuwa huɗu, amma ƙwallonta a kan masu salla ko kan gilashin motar wani rigima ce.

Ruwan sama ma ku duba. Legas na samun sama da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na Kano. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin masallaci mai murabba'in mita 50 yana zubar da lita dubu 75 a shekara cikin kwatar da ke shigo maka shago. Indararo da tanki ɗaya ba za su kama duka ba, amma za su rage, ku kuma samu na alwala. Ruwan farko da ya wanke kwano a bar shi ya wuce. A gidajenku kuma, idan mai gida ya yarda a fasa siminti faɗin taku biyu a bin katanga, wannan kaɗai yana shanye ruwa mai yawa.

Ka kuma sani a Legas akwai hukumar LASPARK mai kula da itatuwa da wuraren shaƙatawa, ranar 14 ga Yuli ce ranar dashen itatuwa ta jiha, kuma doka ta ce sai da izininsu ake sare bishiya. Wannan na iya zama kariya gare ku, amma shi ne kuma abin da ke sa wasu masu gida ƙin a dasa musu babban itace tun farko.

Tsohon Agege:

Ɗana Tela, Allah ya yi albarka. Jikata ce ke rubuta mini. A Agege aka haife ni, mahaifina fataucin goro ya kawo shi Ikko a jirgin ƙasa, shi ma da niyyar shekara biyu ya zo. Yana maƙabartar Agege. Wannan ita ce amsata ga yaron Mile 12, ba zan ƙara ba.

Garin nan da kuke gani duk siminti, itace ne ya kafa shi. Gonakin koko ne da farko, irin na su Coker a Ifako, daga baya goro ya karɓe, goron kuma shi ya kawo Hausawa har aka yi Zango. Ina yaro muna shiga gonakin goro da rana tsaka kamar magariba saboda inuwa. Sunayen ma suna nan. Oko-Oba gonar sarki ke nan. Idi-Araba gindin rimi. Inda yaronka ya yi tambaya, cikakken sunan Idi-Mangoro, gindin mangwaro. Ka gaya masa tambayarsa daidai ce, an sare ne.

Yanzu ga abin da duk ba su gaya maka ba. A al'adar Yarbawa, da ma ba su kaɗai ba, wanda aka ba aron ƙasa yana shuka abin da zai girbe ya tashi, masara, rogo, doya. Dasa itace mai daɗewa kamar goro ko koko ko kwakwa alama ce ta mai ƙasa, har shaida ake kafawa da shi a gaban shari'a. Shi ya sa manomin da aka ba aro yake kai wa mai ƙasa wani abu duk shekara, suna ce masa ishakole, don kada a manta ƙasar ta wane ce. To ku da ba ku da takarda, idan suka wayi gari suka ga kwakwa da mangwaro a filin kakansu, ba inuwa za su gani ba. Za su ce Hausawa sun fara kafa hujja. Kuna iya rasa filin har masallacin ya shiga matsala.

Kada ku je wurin ejan, dillalin haya, ko yaran gidan. Ku nemi babban gidan, ku tafi da limaminku da Iyar nan, da goro mai kyau, tunda kuna da 'yan goro ba ku da uzuri. Ku fara da godiya kan abin da kakansu ya yi. Ku ce ruwa ne ke ɓata wuri kuna son gyarawa. Ku bari shi ya faɗi abin da za a dasa da wanda ba za a dasa ba. Ku ce nonon ayaba na farko kowace shekara nasa ne, ku kuma cika. Sannan liman ya sanar bayan salla cewa abin da ke wurin ba na Tela ba ne, ba na mai shayi ba ne, sadaka ce ta masallaci. Hadisi ya inganta cewa Musulmi ba zai dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba su ci ba face an rubuta masa sadaka. Dabba tana ciki, don haka idan akuya ta yi muku ɓarna ku rage zagi.

Tela na Zango:

Jama'a na dawo bayan wata uku, na gode ƙwarai. Baba Tsohon Agege, Allah ya ƙara girma, maganarka ita ta cece mu. Mun je kamar yadda ka ce. Dattijon gidan ya saurare mu har ƙarshe, Iya tana fassara, sannan abu na farko da ya fito bakinsa shi ne, "Ban da kwakwa, ban da mangwaro." Na kalli mai shayi, ya kalle ni. Ya yarda da ayaba da agada da gwanda da ganye, lemun tsami kuma ya ce a duro, kamar ya karanta abin da Maman 'Yan Biyu ta rubuta. Shi da kansa ya ce a rubuta a takarda cewa filin nasu ne, shuka ta masallaci ce, shugaban ƙungiyar unguwa ya sa hannu. Ɗan goro mai dabino ya yi fushi ya janye dubu biyar ɗinsa, bayan sati biyu kuma ya dawo da ragar waya da ta fi kuɗin.

Haƙan ya ba mu wuya. Ƙasa da taƙi ɗaya muka fara cin karo da tarihin layin: leda, kwalabe, tsohuwar taya, takalmi, har da kan keken ɗinki irin na da, wanda ya sa aka yi ta yi mini tsiya wai kakana ne ya binne. Ba a taɓa gareji a wurin ba, mun tambaya. Gwajin Injiniya ruwan ya shanye kafin asuba. Rami biyu muka yi, agada huɗu a ɗaya, ayaba huɗu a ɗaya, masu sayar da kwakwa suka ba mu ɓawo buhu shida kyauta suna murna an raba su da shi. Satin farko wurin ya yi wari, muka bincika ashe yaron mai shayi ne ke juye ruwan wanke kofuna da sauran madara a ciki. An hana, warin ya tafi. Gansakukar nan ta bushe, yanzu da takalmin fita ake wucewa. Shagona dai ruwa ya sake shiga ranar da aka yi babban ruwan nan, ba zan yi muku ƙarya ba, rami biyu ba su gyara kwatar layi ba. Tanki sai mun sake tara kuɗi.

Matan gidanmu uku sun karɓi zogale da ugu, sun kuma kafa dokar da ta fi ta liman tsanani. Yarona ya binne ƙwallon mangwaro a gwangwanin madara ya ajiye a bayan shago, ya tsiro, ganye huɗu jajaye. Ban gaya masa abin da Mai Lambu ya ce ba.

Yanzu matsalar gwanda ce. Cikin shida, biyu ganyensu na sama ya nannaɗe, ƙarƙashinsa akwai wani farin abu kamar auduga, ga tururuwa tana hawa da sauka. Malam Mai Lambu, mene ne wannan, kuma na cire su ne ko akwai magani?

Mai Lambu Ojo:

Ƙwaro ne, farin nan rigarsa ce, tsotson ruwan ganyen yake yi, tururuwar kuma zaƙin da yake fitarwa take bi tana kare shi. Ka tsinke ganyen da ya fi lalacewa ka ƙone, kada ka jefa a ramin ayaba. Ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka ɗan narka sabulun wanki na sanda a ciki, ka fesa ƙarƙashin ganyen da yamma, duk bayan kwana huɗu ko biyar. Ka duba sauran huɗun ma. Idan bayan sati biyu sabon ganye bai fito lafiya ba ka tumɓuke biyun, akwai sauran damina, ka sake zuba iri. Darbejiya akwai ta a Agege, ka tambayi masu maganin gargajiya na bakin tasha inda suke samowa.